Murjani a Damagaram: Littafin Aikin Akwatin Ruwan Teku

9 ga Nuwamba, 2024

Yau na cika akwatin gilashin da ruwan famfo a karo na farko, domin in tabbatar babu inda yake yoyo kafin in zuba masa gishiri mai tsada. Tsawonsa santimita 100, faɗinsa 50, tsayinsa 45, kuma akwai wani ƙaramin akwati a ƙarƙashinsa cikin kabad inda famfo da injin kumfa mai cire datti daga ruwa za su zauna. Idan aka cire wurin da duwatsu za su ci, ruwan duka biyun zai kai lita 220. Na ajiye shi a tsohon ɗakin ƙasa na gidanmu da ke unguwar Birni, ba a falon siminti mai rufin kwano ba, saboda kaurin bangon tubali yana riƙe sanyin dare har zuwa azahar, kuma na san cewa babban abokin gabar wannan aiki a garinmu zafin bazara ne.

Abin da ya sa na ƙudura rubuta duk abin da ya faru shi ne, bayanan kiwon murjani da ake samu kusan duka mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta su, kuma damuwarsu ita ce yadda za su ɗumama ruwa. Mu kuwa muna nesa da teku da fiye da kilomita 1,000, muna fama da ƙura da zafi da ƙarancin ruwa da ɗaukewar kuran, kuma wanda zai gwada wannan aiki bayana ya cancanci ya tarar da lissafin da aka yi a ƙasarsa.

Da na gaya wa mahaifiyata abin da zan sa a ciki, sai ta ɗauko tsakiyarta ta jan murjani ta ce, "Ashe wannan ake kiwo, ɗan nan?" Na ce mata, "Inna, ɗan'uwansa ne, amma ba shi ba ne." Jan murjanin da iyayenmu mata suka sani ana ciro shi ne daga tekun Bahar Rum, sunansa na kimiyya Corallium rubrum. Wanda nake nema shi ne murjani mai ƙashin dutse, dangin da masana ke kira Scleractinia, wanda yake gina tsaunukan ƙarƙashin teku a wurare masu ɗumi kamar Bahar Maliya da Indunusiya da gabar Ostareliya. Dabba ce, ba tsiro ba: ƙananan halittu ne masu baki a tsakiya da yatsu kewaye, kowace tana zaune cikin ɗan kofin alli da ta gina da kanta daga abin da ke narke cikin ruwan teku.

23 ga Nuwamba, 2024

Makonni biyun nan duka a kan ruwa da gishiri suka ƙare. Ruwan famfo da na rijiya ba sa yi, domin suna ɗauke da abubuwan da ba sa cutar da mutum amma suna ciyar da gansakuka ko su kashe murjani, musamman tagulla da sinadarin fosfet. Na haɗa matatar ruwa mai tursasa shi ta cikin siririyar fata, sannan ya bi ta cikin ƙwayoyin da ke tsotse sauran abin da ya rage, har ma'aunin abin da ke narke a ruwan ya nuna sifili. Matsalar ita ce, a kan kowace lita ɗaya mai kyau matatar tana zubar da lita 3 zuwa 4, kuma a garin da mata ke kwana a bakin famfo a watannin rani, inda ake sayen ruwa a hannun ƴan garuwa, zubar da wannan ruwa a ƙasa abu ne da ba zan iya ba. Uwargida ce ta fara magana, ta ce, "Malam, ruwan da injinka ya ƙi, ni ina so." Yanzu yana tafiya cikin duro biyu, ana wanki da shi, ana ba shukar zogale.

Ƙanena ya yi tambayar da kowane ɗan Damagaram zai yi: me zai hana a yi amfani da gishirin Bilma, tunda ga kantu da beza nan jibge a Kasuwar Dole? Amsar ita ce ruwan teku ba gishirin miya kaɗai ba ne. A cikin giram 35 na abin da ke narke a kowace lita, kusan kashi 85 cikin 100 ne gishirin da muka sani, sauran kuwa magnesiyam ne da salfet da kalsiyam da fotasiyam da wasu, kuma a cikin waɗannan ragowar ne ake samun abin da murjani ke gina ƙashinsa da shi. Dole na sayo gishirin da aka haɗa musamman don wannan aiki, bokiti mai kilo 22, wanda cikon farko kaɗai ya ci fiye da kilo 8 daga cikinsa. Na daidaita nauyin ruwan, wato awon da ke nuna yawan gishirinsa, a 1.026.

Duwatsun da suka kewaye garinmu ma ba su yi ba, domin dutsen Zinder ƙaƙƙarfa ne marar kofofi, ƙwayoyin halittar da ke tsabtace ruwa ba su da wurin zama a cikinsa, marmara kuma tana da ƙarfe da yawa. Busasshen dutsen alli mai ramuka na samo daga Yamai.

14 ga Disamba, 2024

Ruwan ya nuna, wato ƙwayoyin halittar da ke tsabtace shi sun zauna. Na riƙa jefa ɗan abincin kifi yana ruɓewa, amoniya, gubar da ruɓa ke fitarwa, ta hau ta sauka, naitirait, wata gubar da take komawa, ya biyo baya shi ma ya sauka zuwa sifili, yanzu naitiret mai sauƙin illa kaɗai ake gani. Na sa kifi biyu masu ruwan goro da fararen zane, irin Amphiprion ocellaris da aka ƙyanƙyashe a akwati, da dodon koɗi guda shida.

Hunturu ya shigo da abubuwa biyu. Na farko sanyin asuba, wanda ya saukar da ruwan zuwa digiri 22, har na kunna abin ɗumama ruwa da na ɗauka ba zan taɓa buƙatarsa ba. Na biyu ƙura. Cikin kwana uku na hazo wani launi mai ruwan ƙasa ya rufe yashi da gilashi. Sabon akwati yakan yi haka ko ina a duniya, amma ina kyautata zaton ƙurar ta ƙara masa ƙarfi, domin yawancin hazon da ke sauko mana yana tasowa ne daga kwarin Bodele a Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, kuma ƙasar wurin ragowar ɓawon ƙananan halittun ruwa ce mai ɗauke da silika da ƙarfe da fosforas. Ita ce ƙurar da iska ke kaiwa har dajin Amazon tana zama masa taki, saboda haka ba abin mamaki ba ne ta zama taki a akwatina. Na toshe tagar gabas da jiƙaƙƙen buhu, na yi wa akwatin murfin raga mai laushi.

11 ga Janairu, 2025

Murjani ya iso daren jiya. Wani dattijo a Yamai, wanda ya daɗe yana wannan kiwo, shi ne ya yanko mini rassa shida daga nasa, ya ɗaure kowanne cikin leda biyu da ruwansa, ya jera su cikin kula, suka yi tafiyar kusan kilomita 900 a motar fasinja. Na zaɓi wannan hanya da gangan. Duk murjani mai ƙashin dutse yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta cinikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, wadda Nijar ta sa hannu a kanta, ke nan ba a ƙetare iyaka da shi sai da takardar izini. Bayan doka kuma, reshen da ya girma a akwati ya riga ya saba da fitila da gishirin haɗi, kuma ba a fasa wani tsauni a teku domin shi ba.

Uku daga ciki masu manyan baki ne da nama mai kauri, waɗanda suka fi haƙuri da kuskure. Akwai Caulastraea mai kai biyu, kore shar a tsakiya kamar bakin kakaki. Akwai Duncanopsammia, ɗan asalin ruwan Ostareliya, wanda ya buɗe yatsunsa tun kafin in gama wanke hannu. Sai Euphyllia mai yatsu da kansu ya lanƙwashe kamar guduma, yana kaɗawa a ruwa tamkar gero a iska. Sauran ukun masu ƙananan baki ne, namansu siriri a kan ƙashi, su ne masu wuyar sha'ani: Montipora mai faɗi kamar faifai, ja mai ruwan goro, wani Montipora mai rassa kamar yatsu, kore, da Seriatopora mai ruwan hoda, rassansa sirara masu tsini sun sarƙe kamar sheƙar tsuntsu. Wannan na ƙarshen shi ya fi shiga raina.

Na ɗiga musu ruwan akwatina a hankali na kusan minti 40, na tsoma kowanne a maganin kashe ƙwari na ƴan mintuna, na kakkaɓe, sannan na jera su duka a ƙasa inda haske bai da ƙarfi. Dattijon ya yi mini kashedi a waya, ya ce, "Yaro, kada ka taɓa su sai bayan mako biyu, ko da hannunka yana ƙaiƙayi." Na ce, "To, Baba, na ji."

2 ga Fabrairu, 2025

Jan Montipora ya koma ruwan ƙasa kamar tsohuwar tukunya, koren ma ya dushe. Hankalina ya tashi, amma da na bi abin a tsanake sai na gane cewa launin nan labari yake ba ni.

A cikin naman murjani akwai wasu ƙananan gansakuka masu ƙwaya ɗaya, ana ce musu zuzantela, launinsu ruwan ƙasa ne. Suna karɓar haske su haɗa abinci su ba murjanin mafi yawansa, shi kuma ya ba su mazauni da abin da jikinsa ke fitarwa. Kore da ja da ruwan hodar da ke jan ido kuwa ba daga gare su suke ba, sinadaran furotin ne da murjanin ke ƙerawa da kansa, dangin wanda masani ɗan Japan Osamu Shimomura ya fara ganowa a jikin wata halittar teku a farkon shekarun 1960, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2008. Wasunsu suna shan shuɗin haske su mayar da shi kore ko ja, shi ya sa akwatin ke walƙiya idan aka bar shuɗiyar fitila ita kaɗai. Idan haske ya yi kaɗan, ko taki ya yi yawa a ruwa, gansakukan sai su hayayyafa su rufe launin, murjani ya yi duhu. Idan zafi ko haske ya wuce kima, sai murjanin ya kore su, ya yi fari. Kyakkyawan launi yana tsakanin waɗannan biyu ne, kuma tazarar ba ta da faɗi.

Na auna da miligiram a kowace lita: naitiret 25, fosfet 0.2, dukansu sun fi abin da masu ƙananan baki ke so. Laifina ne, ina ba kifin abinci sau uku a rana saboda yara suna son kallo. Na mayar da shi sau ɗaya, na ɗaga masu ƙananan bakin zuwa tsakiyar duwatsu, zan kuma riƙa ƙara ƙarfin fitila kaɗan-kaɗan kowane mako. Canjin ruwa lita 20 duk mako ba fashi.

1 ga Maris, 2025

Alamar farko ta girma ba da ido na gan ta ba, a ma'auni na gan ta. Ƙarfin kanwar ruwan, wanda ake aunawa da dKH, ya sauka daga 8.5 zuwa 7 cikin mako ɗaya, abin da ke nufin ana cire kabonet daga ruwa ana gina ƙashi da shi. Lissafin a bayyane yake: duk lokacin da murjani ya ci dKH 1, yakan ci kalsiyam wajen miligiram 7 a kowace lita. Tunda kalsiyam yana da yawa a ruwan, tsakanin 400 da 450, raguwarsa ba ta saurin bayyana, amma kabonet ɗan kaɗan ne, shi ya sa shi ake fara sa wa ido.

Na daɗe ina tunanin kanwa, domin abin da ke cikinta dangin abin da nake buƙata ne, kuma ga ta nan a kowace kasuwa daga ƙasar Manga. Na jiƙa ungurnu a kofi, na tace, na bar shi ya kwana, da safe na tarar da laka a gindi da wani launi a ruwan. Ba ni da hanyar sanin me ke ciki bayan kabonet, kuma kowane dunƙule da irin nasa haɗin. Na haƙura, na sayi bikabonet mai tsabta a farmasi. Giram 3 yana ɗaga lita 100 da dKH 1, saboda haka nawa akwatin yana buƙatar ɗan abin da ya haura giram 1 a kullum. Ina narkar da shi in ɗiga da asuba, domin abin da murjani ya fi ƙi shi ne hawa da sauka, gara ya zauna a 7.5 kullum da ya yi 7 yau 10 gobe. Magnesiyam yana 1,320, ban taɓa shi ba.

Jan Montipora ya fara dawowa, kuma gefen faifansa ya yi wani siririn farin baki. Wannan farin ba cuta ba ne, sabon ƙashi ne da gansakuka ba su riga sun shiga ba.

22 ga Maris, 2025

Bayan sallar asham na haska akwatin da tocila, na ga Euphyllia ya miƙo wasu dogayen yatsu da ba ya fitarwa da rana, yana taɓa Caulastraea da su. Gefen da ya taɓa ya riga ya ƙone. Na raba su da tazarar santimita 15, na juya famfon igiya, wanda ke kaɗa ruwa kamar igiyar teku, yadda ruwa zai kaɗa yatsun zuwa wajen gilashi.

19 ga Afrilu, 2025

Bazara ta kama sosai. A tsakar gida ma'auni yana kai 43 da la'asar, a ɗakin ƙasa 34, ruwan kuma ina so ya zauna tsakanin 25 da 27. Injin sanyaya ruwa ya fi ƙarfin aljihuna da na batirina, saboda haka na koma ga dabarar randa. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda abin da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa ya tafi da zafi, kuma busasshiyar iskarmu ta fi ta kowace gabar teku iya wannan aiki. Na ɗaura ƙananan fankoki huɗu suna hura saman ruwan. A lissafi, bushewar lita ɗaya tana ɗauke zafin da zai sauke lita 200 da kusan digiri 3, kuma a aikace fankokin sun riƙe mini ruwan a 27.5 a mafi zafin yini.

Kuɗin wannan sanyi da ruwa ake biyansa. Akwatin yana shan lita 8 a rana, gishiri kuwa ba ya bushewa, yana nan. Idan na bar lita 8 ɗin ba ciko, gishirin zai tashi daga 35 zuwa sama da 36 a yini guda, kuma idan na zuba su gaba ɗaya da dare na girgiza murjanin sau biyu ke nan. Na sa wani ɗan famfo da ke ɗiga tataccen ruwa marar gishiri da zarar ruwan ya ragu da kaurin farce. Na kuma juya lokacin fitila: tana kunnuwa da magariba ta mutu kafin asuba, domin zafinta kada ya haɗu da na rana.

6 ga Mayu, 2025

Na yi asara. Shekaranjiya kuran ya ɗauke tun hantsi, bai dawo ba sai bayan awa 11, kuma ina wajen aiki. Batirin ya riƙe famfon igiya da na iska, kamar yadda na tsara, amma fankokin na haɗa su ne da wutar gari, kuskuren da har yanzu nake jin zafinsa. Da na dawo ruwan yana 32.4. Ɗana na fari ya yi ƙoƙari, ya zagaya unguwa ya samo ƙanƙara, muka sa ta cikin gorunan roba a rufe muka jefa a akwatin ƙasa, muna saukar da zafin a hankali, kusan digiri 1 a awa, domin sanyin gaggawa ma duka ne.

Da safe Seriatopora ya fara saɓule nama daga gindi, yana tashi kamar tsumma, kafin la'asar ya zama farin ƙashi tsirara. Na yanke rassa biyu na sama da nake ganin suna da rai, su ma suka bi shi cikin dare. Koren Montipora ya yi fari fat, amma da na duba da gilashin ƙara girma na ga bakunansa suna nan, naman ya zama garau ne kawai kamar ruwa. Bambancin yana da muhimmanci: wanda ya saɓule ya mutu, wanda ya yi fari yana raye, ya rasa masu ciyar da shi ne, kuma yunwa ce za ta kashe shi idan ba su dawo ba.

Na daɗe ina karanta labarin farin murjani a teku, na 1998 da na 2016 da 2017 a babban tsaunin murjani na Ostareliya, da sanarwar da hukumar NOAA ta Amurka ta yi a watan Afrilun 2024 cewa duniya ta shiga karo na huɗu na wannan annoba. Na san cewa ƙarin digiri 1 kacal a kan zafin da aka saba, idan ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo ta. Amma sai da na tsaya a gaban reshe ɗaya mai tsawon yatsa, wanda na san ranar da ya zo da inda ya fara toho, na fahimci abin da ake nufi idan aka ce kilomitoci sun yi fari.

24 ga Mayu, 2025

Na ƙara faifan sola ɗaya da batir na biyu, yanzu fankoki da famfuna da ɗan famfon ciko duka suna kan batir, fitila kaɗai ke kan wutar gari, domin murjani yana jure kwana biyu ko uku babu haske amma ba ya jure awa kaɗan babu motsin ruwa. A firigon gida kullum akwai goruna shida na daskararren tataccen ruwa, kuma na rubuta wa mutanen gida abin da za su yi idan ma'auni ya haura 29, na manna a jikin kabad.

Farin Montipora na saukar da shi inuwar dutse, na rage masa haske da rabi, ina fesa masa garin abinci mai laushi sau biyu a mako da dare. Wani ruwan ƙasa mai haske ya fara bayyana a gindin rassansa. Launin da ya tayar mini da hankali a Fabrairu shi nake murna da gani yau. Masu manyan baki ukun kamar ba abin da ya same su, Duncanopsammia ma ya fito da ƙananan kai uku a gefensa.

5 ga Yuli, 2025

Ruwan sama ya sauka, zafin gari ya ragu, amma iska ta yi laima, kuma fankokin ba sa aiki kamar da: bushewa ta sauka zuwa lita 4 a rana, ruwan yana kai 28 da rana duk da cewa ɗakin ya fi sanyi. Wannan ban yi tsammaninsa ba, kuma yana nufin damina tana da nata lissafin dabam. Ina sa gora ɗaya ta ƙanƙara da azahar.

Jan Montipora ya ninka faɗinsa na ranar da ya zo, ya fara hawa na biyu, kuma cin kabonet ya kai giram 2 a rana. Koren ya dawo da launi a kashi biyu cikin uku na jikinsa. Jiya na ɓalle ɗan gefen jan faifan, na manna shi a kan guntun dutse, wannan shi ne reshe na farko da aka haifa a Damagaram, kuma na yi wa dattijon Yamai alkawarin zai koma wurinsa idan ya kama.

Ya yi mini tayin Acropora mai shuɗin kai, irin da kowane mai wannan kiwo ke buri, wanda kuma ya fi duk waɗanda nake da su saurin mutuwa idan ruwa ya motsa. Na ce masa, "Baba, a ajiye mini shi tukuna." Sharaɗin da na sa wa kaina shi ne akwatin ya ƙetare Afrilu da Mayun baɗi ba tare da ma'auni ya haura 28 ko sau ɗaya ba. Awon safiyar yau: zafi 26.8, nauyin ruwa 1.026, dKH 7.8, kalsiyam 420, naitiret 8, fosfet 0.06. Gishirin da ya rage a bokiti na biyu zai kai ni ƙarshen Oktoba, kuma sai na aika a sayo na uku tun kafin nan.